Wa ke shiga fili a Sakkwato, wa ke tsayawa bakin katanga?

Malamar Firamare: Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu horarwa da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Duk shirin wasanni da aka kawo makarantun gwamnati a garin nan, in aka duba rajista bayan zango ɗaya, waɗanda suka rage iri ɗaya ne: maza, masu lafiyar ƙafa, 'ya'yan ma'aikata ko 'yan kasuwa, mazauna kusa da fili. An raba ƙwallo kyauta, an ce kowa ya zo, amma 'yar talla ba ta zo ba, gurgu bai zo ba, almajiri yana leƙe ta kan katanga. Ina gizo ke saƙar? In za a tsara abin tun daga tushe, da me za a fara?

Kociyan Ƙwallon Hannu: Wa alaikumus salam, Malama. Ni a ganina maganar ba ta da tsawo: babu ce. Yaro yana buƙatar takalmi, riga, kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa, da abin da zai sa a ciki bayan atisaye. Wanda ke Mabera ko Gidan Igwai in zai je filin Giginya sau uku a mako, hawa shida ke nan, a wata hawa 24. Uban da ke neman na cefane ba zai ware wannan ba. A ba ni kuɗin mota da takalma, in cika miki fili. Basira kuwa akwai ta: ɗan ƙwallon ƙafa Shehu Abdullahi ɗan garin nan ne, ya ci tagulla da Najeriya a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya je gasar cin kofin duniya a 2018. Ƙwallon hannu ma an san Sakkwato da ita a faɗin ƙasa.

Hajiya Nas: Koci, in da babu ce kaɗai, da wa da ƙanwa a gida ɗaya sun yi daidai. Ba su yi ba. Ɗauki gidan talaka guda, tukunya guda. Namijin ya dawo boko ƙarfe 1:30, ya ci abin da ya samu, ya je Islamiyya, da an tashi ya zarce fili har kiran magariba, babu mai tambayarsa. Macen ta dawo lokaci guda da shi, wanke-wanke na jiranta, ga ƙani a baya, ga tiren talla, sannan Islamiyya, da an tashi kuma ana duba agogo a ga minti nawa ta yi a hanya. Ka ba su kuɗin mota duka biyun, shi kaɗai zai iso maka.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fito a 2019 ya nuna kashi 81 cikin 100 na matasa 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 ba sa samun motsin da ya kamata, mata kashi 85, maza kashi 78. Abin da ake so ga yaro daga shekara 5 zuwa 17 shi ne minti 60 a kullum na motsin da zai sa numfashi ya ɗaga.

Kociyan Ƙwallon Hannu: To Hajiya, sai a buɗe wa mata nasu. Shi ke nan an gama.

Baba Mai Ritaya: Ɗana Koci, ba a gama ba, kuma a nan ne shirye-shirye da yawa ke mutuwa. Bari in ba ku lissafin misali, ba ƙididdiga ba ce, don dai a ga yadda abin ke aiki. A ce yara 32 ne ke son wasa. Tsakaninsu da fili akwai ƙofa biyar: izinin gida, lokaci, kuɗin hanya, jikin da filin zai karɓa, da takarda. A ce kowace ƙofa rabi take tsarewa. Bayan ta farko saura 16, sai 8, sai 4, sai 2, sai 1. Yanzu ka zo da kuɗi ka ɓalle ƙofa ɗaya. Nawa suka shiga? Biyu. Ka rubuta rahoto ka ce an ninka masu shiga, alhali 30 na waje.

Abin lura kuma, ƙofofin ba su rabu daidai a kan yara ba. Wani ƙofa ɗaya ce gabansa, wata kuma duka biyar ɗin ne. Kuma kowace tana ƙara wa 'yar'uwarta nauyi. Yarinya mai shan inna 'yar talaka ba matsala uku take da su a jere ba. Saboda mace ce ba za a bar ta ta hau bayan ɗan kabu-kabu ita kaɗai ba, saboda ƙafarta ba za ta iya takawa ba, saboda babu ba za a ɗaukar mata Keke Napep shata ba. Ka ga hanya uku ce ta zuwa fili, kowace an toshe ta da dalili dabam. Shirin mata ya ɗauka duk mata na tafiya da ƙafa, shirin guragu ya ɗauka duk guragu maza ne. Ita ta faɗa tsakani.

Likitan Gashin Ƙashi: Baba ya taɓo wurin. Bari in faɗi abin da ake gani a filayenmu in mai keke ya zo.

Na farko yashi. Keken guragu na hannu ba ya tafiya a yashi mai laushi, ƙafar gaba nutsewa take. Daga bakin get zuwa fili ana buƙatar hanya mai tauri, faɗinta aƙalla mita 1.2, ko da jar ƙasa ce aka daɓe da kyau. Na biyu matakala. In za a yi gangare a maimakonta, ƙa'idar ita ce duk tsayin santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12. Dakali mai tsayin santimita 30 yana son gangare mai mita 3.6. Abin da magina ke yi shi ne su zuba siminti mai tsawon mita ɗaya, ya fito a tsaye, mai keke ya tura ya kife ta baya. Irin wannan gwamma babu. Na uku banɗaki: ƙofa ta kai santimita 90, ta buɗe waje ba ciki ba, a sa ƙarfen riƙewa a bango. Yaron da zai ja jiki a ƙasan masai na makaranta sau ɗaya zai yi, ba zai dawo ba, kuma ba zai gaya wa kowa dalili ba.

Doka tana nan. An sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara. Wa'adin ya wuce. Kowa ya duba filin unguwarsu ya yi wa kansa hisabi.

Abin takaicin, a nan ne ƙasar ke da ƙarfi. A gasar nakasassu ta Rio a 2016 Najeriya ta ci zinare 8, akasari a ɗaga nauyi, kuma mata ne suka kwaso mafi yawa.

Mai Walda: Likita, ƙarin bayani daga ɓangarenmu. Ƙwallon guragu da Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro, a kan katako mai ƙafafu ake yin ta, da hannu ake turawa, da hannu ake bugu. Katakon ba wuya: faifan katako mai kauri, ƙarfe biyu a ƙasa, boris huɗu, a manna soso ko tsohuwar katifa a sama. Inda ake kuskure, ana sa boris na gwangwan da ya riga ya ci yashi, mako biyu ya tsaya cak. A wanke shi da kananzir bayan wasa, a sa giris kaɗan, ba mai yawa ba, don giris mai yawa shi ke kama ƙura. Gefen katakon a goge shi, in ba haka ba yana yanke cinya.

Amma duk wannan sai da daɓen siminti mai santsi, ba fashe-fashe. Kuma siminti a watan Afrilu da rana ba ya taɓuwa da tafin hannu. Suna sa silifas a hannu, duk da haka sai da safe ko bayan la'asar sosai. To daɓen siminti nawa ne a garin da ba 'yan ƙwallon kwando ko ƙwallon hannu suka riƙe shi a daidai wannan lokacin ba? Guragu sai a ce su zo ƙarfe 12.

Kociyan Ƙwallon Hannu: Wannan gaskiya ne, ba zan musa ba. Fili ɗaya, ƙungiya huɗu, mai ƙarfi ke ɗaukar yamma.

Malamin Islamiyya: Jama'a, tunda an ambaci izinin gida, kada a bar maganar a dunƙule har wani ya fahimci addini ne ya hana. Ya tabbata a hadisin Abu Dawud cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA), ta wuce shi, daga baya suka sake ya wuce ta. Abin da iyaye ke tambaya guda huɗu ne, kuma tambayoyi ne na hankali: wa zai koyar da ita, wa zai kalle ta, me za ta sa, yaushe za ta dawo. Wanda ya amsa waɗannan huɗun zai samu mafi yawan iyaye. Wanda ya zo yana cewa ku jahilai ne kun danne 'ya'yanku, ko uban da ya yi niyya zai fasa.

Sannan lokaci. Yawancin Islamiyyu daga bayan la'asar ne zuwa wajen ƙarfe 6, daidai lokacin da rana ta yi sanyi. Mai shirin wasa in ya sa atisaye ƙarfe 4:30 ranar Litinin, ya sa yaro zaɓi tsakanin hadda da ƙwallo, kuma ya san wanda uba zai zaɓa. Alhamis da Juma'a ne ranakun hutun yawancin makarantun allo da Islamiyyu. Me ya hana a gina jadawali a kansu? Ko kuma a zo cikin Islamiyyar kanta, a roƙi minti 30 a cikin harabarta.

Mu a garin nan ba baƙon abu ba ne a kai wa mace abu inda take. Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta jira matan ƙauye su taso su zo ba, jajis ta horar, manyan mata amintattu, su ke kai karatu suna dawowa da tambayoyi. Tsarin 'Yan Taru ke nan. Wanda ke son 'yan mata su motsa jiki ya fara da horar da mata.

Kociyar 'Yan Mata: Allah ya saka, Malam. Bari in amsa tambayoyin nan huɗu dalla-dalla, don a nan aiki yake.

Wa zai koyar: mace. Ba sai mai digiri ba. Malamar makaranta ko ɗalibar kwalejin ilimi ta Shehu Shagari, in an ba ta horo na 'yan makonni a kan ɗumama jiki, dokokin wasa biyu da taimakon gaggawa, ta isa fara aji na yara 20 zuwa 25. Fiye da haka ga mutum ɗaya, rabi suna tsaye suna hira. Kuma a biya ta, ko kaɗan ne, a kan lokaci. Aikin sa-kai na mata yana mutuwa ranar da aka ɗaura aure ko aka haihu, shi ya sa ake horar da biyu a kowane wuri, ba ɗaya ba.

Wa zai kalla: ba kowa. Harabar makaranta mai katanga, get a rufe, maigadi a waje. Ba a buƙatar babban fili. Ƙwallon raga mita 18 ne da 9, tsayin ragar mata mita 2.24, ga yara a sauke ta ƙasa da haka don ƙwallo ta riƙa wucewa su ji daɗi. Layi da toka ko farar ƙasa. A duba katangar da kyau: in akwai bene a maƙwabta ko wurin da ta rushe samari na zama, mako ɗaya labari zai kai gida. Waya kuma a hana ɗaukar hoto kwata-kwata. Bidiyo ɗaya a TikTok ya isa ya rufe shirin unguwa guda.

Me za ta sa: dogon wando mai faɗi, riga mai dogon hannu da ta sauko gwiwa, ƙaramin hijabi mai roba wanda ba a sa masa allura ko fil. Dogon hijabi har ƙasa yana harɗe ƙafa, kuma in wata ta taka shi wuya yake ja. Yadin ya zama mara nauyi, launi mai haske a sama, wandon kuma mai duhu, saboda dalilin da zan faɗa. Dokar wasa ba ta hana ba: an amince da rufe kai a ƙwallon ƙafa tun 2014, ƙwallon kwando 2017, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya ta mata a 2023 da hijabinta.

Yaushe za ta dawo: kafin magariba da aƙalla rabin awa, kuma a rukuni, 'yan layi ɗaya tare. A faɗa wa uwa lokacin, a cika shi kullum. Rana ɗaya aka makara, an rasa yarinyar.

Sai na biyar da iyaye maza ba sa tambaya, amma shi ke kwashe 'yan mata daga shekara 12 zuwa 14: al'ada da girman ƙirji. Yarinyar da ke amfani da tsumma ba za ta yi tsalle ba, tana tsoron ya zame. Wadda ba ta da rigar mama mai kamawa gudu yana yi mata ciwo, ga kunya. 'Yar mai hali an saya mata duka biyun, ta ci gaba. 'Yar talaka ta ce kanta ke ciwo, mako uku ta daina zuwa, a rubuta “ba ta da sha'awa”. A akwatin kayan wasa a sa audugar mata, sabulu da buta, a hannun kociya. Ya fi kofin da ake saya a ajiye a ofis amfani.

Dan Kasuwar Kara: Ku yi haƙuri in jefa tambaya. Yarinyar da ta yini tana zaga gari da tire a kai, ta ɗebo ruwa, ta yi daka, wane motsa jiki kuma take nema? Ai ta fi 'ya'yan masu kuɗi motsi nesa ba kusa ba. Ba ku ganin wannan damuwar 'yan boko ce?

Hajiya Nas: Alhaji, tambayarka tana da kyau, kuma rabinta gaskiya ne. Ta fuskar zaman banza, 'yar talla ba ta da wannan matsalar, ɗan mai kuɗi da ke kwance da waya shi ke da ita. Amma aiki da wasa ba abu ɗaya suke yi wa jiki ba. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, a kan wuyan yarinyar da ƙila nauyinta duka bai fi kilo 35 ba. Wannan lodi ne a gaɓa ɗaya, kullum, ba hutu, cikin rana, sau da yawa da yunwa. Wasa kuwa yana motsa gaɓoɓi dabam-dabam, akwai tsayawa, akwai ruwa, akwai dariya da ƙawaye, akwai koyon faɗuwa da tashi.

Saboda haka ba atisaye iri ɗaya za a ba su ba. Yarinyar da ta zo a gajiye ba a sa ta zagaye fili sau goma. A ba ta wasan gwaninta: jifa da cafewa, ƙwallon raga, gaɗa, tsallen igiya kaɗan-kaɗan. Kuma a duba ta kafin a fara. A ja fatar ido ta ƙasa, a duba tafin hannu: in sun yi fari fat, ga haki da wuri, ga jiri, ƙarancin jini ne mai yiwuwa, asibiti za a tura ta, ba a ce mata raguwa ba. A tambayi kowane yaro ko yana da sikila. Mai sikila yana wasa, amma ba a matsa masa, ba a bari ya bushe da ƙishi, ba a fitar da shi cikin sanyin hunturu da sassafe. Mai farfaɗiya ma yana wasa in yana shan magani, ruwa da hawa sama ne ake kiyaye masa. Zabiya kuwa rana ce abokiyar gabarsa, ga raunin gani: inuwa, hula, dogon hannu, da ƙwallo mai launi mai ƙarfi.

Dan Kasuwar Kara: To ribar tallar da ta rasa a awa biyun nan fa? Uwar da ita take haɗa kayan ɗaki.

Kociyar 'Yan Mata: Shi ya sa ba a yin awa biyu. Minti 45, sau biyu a mako, kuma a tambayi iyaye mata lokacin da ciniki ya fi mutuwa, su suka sani. Mai tallar abincin rana dabam, mai tallar gyaɗa da yamma dabam. In shiri yana da ɗan kuɗin abin taɓawa ga yara, a saya a wurin iyayen nasu, ƙosai ko kunu, bi da bi. Uwa ta ga tire ya dawo babu komai, ita za ta tuna wa yarinya ranar wasa.

Kawu na Gwadabawa: Ku duka zancen birni kuka yi. Mu nan ƙauye wasa na da lokaci nai. Damina kowa na gona, ba mai ba ka yaro. In an yi kaka, an kai amfani gida, sannan a buɗe fagen kokawa, ga langa da daren farin wata. Ba takalmi, ba riga, ba kuɗin mota. Maƙwabtanmu na Nijar sun riƙi kokawa da daraja, tun 1975 suka fara gasar takobi a Tawa, har yau ana yi. Mu nan wanda ya zo da shiri sai ya kawo ƙwallo da raga, ya raina abin da ya tarar.

Amma in faɗi gaskiya, fagen ga ma ba na kowa ba ne. Ɗiya mace gaɗa ce tata, kuma da an sa mata rana ta bar dandali ke nan. Dambe kuwa an ɗauke shi na rundawa, ɗan gidan sarauta ko ɗan malamai in ya ɗaure hannu sai an yi taron dangi a kansa. Can sama kuma doki da folo na masu hali. Kowa da inda asali ya aje shi.

Sannan gabas, wajen Isa da Sabon Birni, wa ke zancen dandalin dare yanzu? Yaran da suka gudo birni suna zaune a kangaye, ba makaranta, ba takarda, ba wanda ya san su a unguwa. In an raba riguna ta hannun hedimasta, su ba su cikin lissafi.

Baba Mai Ritaya: Kawu ya kawo ƙofar takarda, wadda mutane ke mantawa. Gasar matasa ta ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara 15 ce, kuma duk gasar da ke da iyakar shekaru za ta nemi shaidar haihuwa, yanzu har da lambar NIN. Wanda aka haifa a asibiti, ubansa ma'aikaci, takardarsa na cikin fayil. Almajirin da aka kawo daga wata jiha yana ɗan shekara bakwai, ko ɗan gudun hijira, ko ya fi kowa gudu a nan zai tsaya. Gyaran ba a ranar tantancewa ake yin sa ba. Tun makon farko na shiri a rubuta waɗanda ba su da takarda, a haɗa su rukuni, a nemi ofishin hukumar ƙidaya na ƙaramar hukuma, da wakilin mai unguwa da malamin tsangaya a matsayin shaidu. Yana ɗaukar lokaci, shi ya sa ake farawa da wuri.

Almajirai kuma ta hannun malaminsu ake bi, ba a tare su a titi. Ranar Alhamis da safe. Kuma kada a sa yaro gudu cikinsa babu komai: koko da ƙosai kafin a fara, in ba za a iya ba a rage tsanani. Takalmi ma a yi hankali. In rabi na da but mai ƙusa rabi ƙafa tsirara, za a taka yatsu. Ko kowa ya samu kambas, ko kowa ya cire, a share filin daga ƙaya, kwalba da ƙusa kafin wasa.

Likitan Gashin Ƙashi: Mu koma kan zafi, don shi ma ba ya raba kansa daidai. Daga Maris zuwa Mayu garin nan yana haura digiri 40. Mai hali yana wurin motsa jiki mai na'urar sanyaya ɗaki, ko ya fito da mota bayan isha'i. Talaka fili ne da rana. A bazara atisaye ya kasance tsakanin 6:30 da 8 na safe, ko bayan 5 na yamma. Hutun shan ruwa duk minti 15 zuwa 20, a inuwa, ba sai yaro ya roƙa ba. A tanadi aƙalla lita ɗaya ga kowane yaro, a randa ko jarka da aka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Yaron da ya fara tangaɗi, ko surutai marasa kan gado, ko jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa nan take, a sassauta tufafi, a zuba masa ruwa a jiki ana fifita, a nufi asibiti. In ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki. Da azumi a mayar da shi wasa mara nauyi, ko a ɗage zuwa bayan sallah. Da hunturu masu asma su zo da abin shaƙarsu, a yayyafa wa fili ruwa in akwai.

Ga makafi da kurame, makarantar A. A. Raji tana nan a garin, yaran a tare suke, ba sai an nemo su ba. Makafi na da wasansu na ƙwallo mai ƙararrawa a ciki, uku-uku, a fili mai girman na ƙwallon raga, ana shimfiɗa igiya a ƙarƙashin tef don hannu ya ji layi. Sharaɗinsa shiru, don da kunne ake bin ƙwallon. Kurame kuwa duk wasa suna yi, usur kawai za a musanya da tuta. Ƙwallon raga ta zaune, mita 10 da 6, tana haɗa mai ƙafa da mara ƙafa a ƙungiya ɗaya, tunda kowa a ƙasa yake.

Hajiya Nas: Kada a manta da matan aure, su ne ke cika mana layin hawan jini da ciwon suga. Babba na buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako, wato ko minti 30 sau biyar. Matar mai hali tana da injin tafiya a ɗaki. Matar da ke gidan haya ɗaki ɗaya, tsakar gida na mutum goma, ba ta fita sai da dalili, ita ce abin tunani. Abin da ke yiwuwa: mata biyar zuwa takwas na gida ɗaya ko maƙwabta, bayan yara sun tafi makaranta, tafiya da sauri a zagayen tsakar gida minti 10, tashi da zama daga kujera sau 10 zuwa 12 har zagaye uku, tura bango da hannu, ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi. Ma'aunin sauri: tana iya magana amma ba ta iya rera waƙa. Mai ciki lafiyayye ma tana yi, sai in an hana ta a awo. Wadda aka yi wa tiyatar haihuwa ta jira izinin likita.

Kociyan Ƙwallon Hannu: Duk na ji, kuma na ƙaru. Amma bari in faɗi abin da ba a so. Mai ba da kuɗi kofi yake son gani. In na kwashe lokacina ina bin gida-gida neman wadda ta fi kowa nisa da fili, wa zai horar da waɗanda za su wakilci jiha? Kuɗin da zai kawo yarinya ɗaya mai keke zai kawo lafiyayyu biyar.

Baba Mai Ritaya: Aiki biyu ne, Koci, kuskuren shi ne a ɗora wa mutum ɗaya da kasafi ɗaya. Naka zaɓe ne, ka ci gaba da shi. Na Malama buɗe ƙofa ne. Amma lissafinka na biyar da ɗaya ban yarda da shi duka ba. Hanyar da aka daɓe don keke, banɗaki mai ƙofa, kociya mace, fili a cikin unguwa, sau ɗaya ake biyansu, kuma biyar ɗin naka ma suna amfana. Abin da ke da tsada kullum shi ne sufuri, maganinsa kuma a kawo wasan kusa: ƙananan wurare da yawa da yaro zai isa da ƙafa cikin minti 10 zuwa 15, maimakon babba ɗaya a tsakiyar gari.

Malama, ga rajistarki. Bayan suna a ƙara gurbi shida: mace ko namiji, shekaru, boko ko allo ko babu, yana talla ko aikin kuɗi, akwai lalura, minti nawa daga gida. Kada ki ƙirga kowane gurbi shi kaɗai, nan ake ruɗin kai. Za ki ga mata 12, masu lalura 4, ki ce an yi adalci, alhali huɗun nan duk maza ne, sha biyun nan kuma babu 'yar talla ko ɗaya. Ki haɗa gurbi biyu-biyu, uku-uku, ki ga inda sifili yake. Duk wanda ya yi fashi sau biyu a jere a je gidansu a makon, mace ta je wurin uwa, a rubuta dalilin da bakinta. Takardar ta zauna a hannun mutum ɗaya, don akwai sirrin mutane a ciki.

Malamar Firamare: Na gode ƙwarai, Baba. Harabarmu na da katanga, akwai rijiyar burtsatse, malamai mata biyu sun yarda. Inda na tsaya shi ne Alhamis da yamma makaranta a kulle take, makulli na hannun maigadi, hedimasta kuma yana tsoron a ce ya ba da wurin gwamnati ba izini.

Baba Mai Ritaya: Kada ki tsaya a izinin baki. Ki kai maganar zaman kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, a rubuta ta cikin bayanan taro, da rana da lokaci da sunan malamar da ke da alhaki. Hedimasta ya haɗa kwafi da wasiƙa zuwa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a karɓo kwafin da aka buga wa hatimi. Mai unguwa da limami su sani kafin ranar farko, ba bayanta ba. Maigadi kuma a yanka masa ɗan abu duk wata daga asusun kwamiti, a rubuce, tunda lokacin hutunsa ne za a ci.

Mai Walda: Malama, kafin nan ki auna faɗin ƙaramar ƙofar get ɗin, da tsayin ƙarfen da ke kwance a ƙasanta. Yawancinsu santimita 70 ne, ga dogarin ƙarfe da keke ba ya haurawa. In haka ne sai dai a riƙa buɗe babban get, ko a yanke ƙarfen a faɗaɗa. Turo min awon in gaya miki wanda ya fi sauƙi.